Matuƙin da ya juya da Alhaji: tsoro ne ko sanin aiki?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wani abu ya faru da ni ranar Asabar, har yau yana cina a rai. Maigidan da nake wa aiki a Abuja yana da ɗaurin auren ɗan amininsa a nan Jos ƙarfe 11 na safe. Taro ya riƙe shi daren Juma'a, sai ya ce a ɗauko shatar ƙaramin jirgi, irin mai farfela ɗaya a hanci. Ni na biya kuɗin da hannuna, kada ku tambaye ni nawa ne saboda masu hawan jini. Ƙarfe 8 muna filin jirgi. Matuƙin, wani siririn dattijo mai furfura a gemu, ya ce a dakata, hanya ba kyau. Alhaji ya kira Jos, aka ce masa rana ƙwal ake yi a Terminus, tsakiyar gari. Ya miƙa masa wayar ya ce ji da kunnenka. Mutumin ya ce shi ba a Terminus zai sauka ba.

Sai wajen 10 saura muka tashi. Mun yi kamar minti ashirin da biyar lafiya lau, ina ta ɗaukar hoton gonaki. Can sai na ga gabanmu ya toshe, kamar an gina katangar toka daga ƙasa har sama. Duwatsun da ke ƙarƙashinmu su bayyana su ɓace, ruwa ya fara tsartuwa a gilashi. Sai kawai na ji jirgi ya karkata, dutsen da ke hagunmu ya koma dama. Alhaji ya dafa kafaɗar matuƙin ya ce saura minti nawa mu isa? Ya ce kamar sha biyar. Alhaji ya ce a kan minti sha biyar za ka kunyata ni a gaban mutane? Ko waiwayowa bai yi ba. Abuja muka koma.

Da muka sauka ya ce da ni, tafiyar yau ta gani da ido ce, ni kuma na daina gani. Abin da ya ƙara tunzura Alhaji, da yamma babban jirgin fasinja ya sauka filin jirgin Jos da ke Heipang ba ko gargada. Ya kira kamfanin ya ce kada su sake haɗa shi da wannan mutumin. To ina tambaya, tsoro ne ko sanin aiki?

Mai Sharon:
Wa alaikumus salam. Ni dai in na ɗauki shata, inda aka ce in kai mutum nan nake kai shi. Hazon da muke ratsawa a Hawan Kibo da asuba ko motar gabanka ba ka gani, amma muna wucewa. Minti sha biyar fa! Ya ɗan daure mana.

Hajiyar Rikkos:
Baban Ummi ka yi sadaka tukuna kafin ka yi tambaya. Ummi ta kusa zama marainiya kana maganar ɗaurin aure.

Mai Sharon:
Hajiya ai babban jirgi ya sauka. Sama ɗaya ce.

Ɗan Zariya:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗalibi ne har yanzu, amma wannan shi ne abin da ake nanata mana kullum a kwalejin koyon tuƙin jirgi, don haka bari in ɗan sa baki. Kawu Mai Sharon, sama ɗaya ce amma tuƙi iri biyu ne. Akwai tuƙin ido, akwai tuƙin na'ura. Mai tuƙin ido da abin da yake gani a waje yake aiki: ga ƙasa, ga inda sama ta haɗu da ƙasa, ga dutse. Ƙa'idarsa a ƙananan hawa ita ce ya iya hangen kilomita 5 a gabansa, ya nisanci gajimare da mita 1,500 ta gefe, mita 300 ta sama ko ta ƙasa. Da zarar ya rasa wannan, doka ta ce ya juya. Mai tuƙin na'ura kuwa ko an rufe gilashin da bargo zai tafi, amma sai yana da lasin na musamman, jirgin yana da kayan aikin, kuma masu kula da zirga-zirgar jirage suna biye da shi tun daga tashi.

Babban jirgin da ya sauka da yamma matuƙa biyu ne a ciki, akwai rada a hancinsa da ke nuna masa inda hadari yake ya kauce, yana hawa can sama da yawancin gajimaren, kuma awa shida ko bakwai ne tsakaninsa da ku. Hadarin Jos kuwa kun fi ni sani, a awa ɗaya ya haɗu ya zuba ya watse.

Mai Sharon:
To ya bi ta ƙarƙashin gajimaren mana, tunda ƙasa yake son gani.

Ɗan Zariya:
Yauwa Kawu, nan ne ainihin tarkon hanyar Abuja zuwa Jos. Filin jirgin Abuja bai kai mita 400 daga doron teku ba. Na Yakubu Gowon da ke Heipang ya kusa mita 1,300. Duwatsun Shere sun haura 1,800. Wato tun da ka taso ƙasa hawowa take yi tana tarar ka. Gajimaren da ke can sama da kai a Abuja, kafin ka iso bakin tsaunin Filato ya zauna daram a kan duwatsu. Kai kana sunkuyawa don ka tsaya a ƙarƙashinsa, ƙasa tana ɗagowa, tazarar tana matsewa kamar bakin mazurari. Ƙarshenta ko ka shige gajimare ko ka haɗu da dutse. Shi ya sa Yaya Baban Ummi ya ce duwatsu na bayyana suna ɓacewa. Wannan ita ce alamar cewa ƙofa ta kusa rufewa a bayanku ma, ba gaba kaɗai ba.

Baban Ummi:
Wallahi sai yanzu gabana ya faɗi. A lokacin ni haushin kuɗin nake ji.

Mai Sharon:
Har yanzu ban gane ba. Ya shiga gajimaren, ya riƙe sitiyari miƙe, minti biyar ya fita ta ɗaya gefen. Mene ne abin wahala? Ni ko ido rufe na san motata ta karkata.

Anti Saratu:
Mai Sharon ɗana, a nan kam ka shigo fagena, shekara talatin na yi ina aikin jinya. Abin da kake ji da shi cewa ka karkata ba idonka ba ne kaɗai, cikin kunnenka ne. Can ciki akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa, da ruwa a cikinsu da 'yan gashi ƙanana. In ka juya kai ruwan ya motsa, gashin ya kwanta, ƙwaƙwalwa ta ce an juya. Amma in juyin ya daɗe a hankali, ruwan sai ya daidaita da bututun, ya daina ba da labari. Ka tuna hajijiya da kuke yi kuna yara a ƙofar gida? Kana cikin juyi ba ka jin komai, sai ka tsaya cak sannan duniya ta fara juya maka, ka tafi taga-taga ka faɗa kwata. Kunnen ne ya yi maka ƙarya. A mota taya huɗu na kan kwalta suna gyara maka ƙaryar. A sama wa zai gyara?

Ɗan Zariya:
Anti kin gama magana. Ni an gwada mini a jikina. Malamina ya ce in rufe ido in sunkuyar da kai, shi ya karɓi jirgi. Bayan kamar minti ɗaya ya ce yaya muke? Na ce miƙe muke sambal, har da rantsuwa. Ya ce buɗe. Wallahi fiffiken hagu gonakin Zariya yake nunawa, hancin jirgi ya yi ƙasa, allurar tsawo tana ta warwarewa baya. Ban ji komai ba, ko kofin shayi aka ajiye ba zai zube ba. Abin da ya fi ba ni tsoro, da ya miƙar da jirgin sai jikina ya ce yanzu ne muka karkata dama, hannuna da kansa yana son mayar da mu inda muka fito.

Kuma abin da ke kashe mutane ke nan. Jirgi ya karkata bai sani ba, hanci ya sauka, gudu ya ƙaru. Ya ji ƙarar iska ta canza, ya ga yana sauka, sai ya ja sitiyari don ya hau. To jirgin da ke karkace in ka ja shi ba hawa yake ba, matse da'irar yake yi, kamar ruwa a bakin rariya.

A 1954 Jami'ar Illinois ta Amurka ta gwada matuƙa 20 da ba su koyi tuƙin na'ura ba, aka toshe musu ganin waje a cikin jirgi na gaske. Duka ashirin ɗin jirgi ya ƙwace musu. Da aka raba lokacin, daƙiƙa 178 ya kama kowanne. Ko minti uku ba su cika ba, Kawu, kai kana maganar biyar.

Mai Sharon:
Innalillahi. To ni na janye rabin maganata. Rabi dai.

Baba Sajan:
Ku yara kuna da saurin yarda. Duk babban mutumin da jirgi ya faɗi da shi sai a ce yanayi. Yanayi ba shi da lauya, ba ya zuwa kotu, shi ya sa ake ɗora masa. Janar Ibrahim Attahiru wata huɗu kacal ya yi a kujerar babban hafsan sojan ƙasa, 21 ga Mayu 2021 jirgi ya faɗi da shi a Kaduna, mutum 11 babu wanda ya fita. A Satumbar 2006 jirgin sojan sama ya kwashi manyan hafsoshi daga Abuja za shi Obudu, ya ƙare a kan dutse a Binuwai. Shugaban Iran ma haka. Duk hazo ne? Hazon nan manya kawai ya sani?

Hajiyar Rikkos:
Baba Sajan an fara.

Ɗan Zariya:
Baba, da girmamawa. Ba manya hazo ya sani ba, manya ne suke hawa irin waɗannan jiragen. Ni da Kawu Mai Sharon wa zai ɗaukar mana shata? Babban mutum shi ne mai taron da aka sa wa lokaci, shi ne mai zuwa ƙauyen da ba filin kirki, shi ne kuma wanda ake jin nauyin ce wa a'a. Jirgin Janar Attahiru, Allah ya jiƙansa, King Air ne, ƙaramin jirgi mai farfela biyu, a sansanin sojan sama na Kaduna ya kamata ya sauka, saboda hadari aka karkatar da shi zuwa babban filin jirgin farar hula, kuma kusa da nan ya faɗi. Mutanen Kaduna sun ga irin ruwa da iskar da aka yi da yammacin ranar. Shugaba Ebrahim Raisi na Iran kuwa, 19 ga Mayu 2024, daga buɗe madatsar ruwa a kan iyakar Azarbaijan yake dawowa cikin jirgi mai saukar ungulu, a yankin duwatsu. Hazon da ya rufe wurin sai da ya sa masu ceto suka kwana suna nema. Ko wata ɗaya ba a yi ba mataimakin shugaban Malawi Saulos Chilima ya tafi haka, 10 ga Yuni: an ce kada su sauka Mzuzu don ba a gani, suka juya, aka tsinci jirgin a dajin Chikangawa.

Baba Sajan:
Na ji. Amma ka faɗi wata magana da ta fi duk lissafinka, wai wanda ake jin nauyin ce wa a'a. Ni na yi soja shekara ashirin da bakwai. Yaro mai anini biyu a kafaɗa ya dubi janar ya ce ranka ya daɗe yau ba za mu tashi ba? A takarda an ce matuƙi ne sarki a jirginsa. A takarda.

Barista:
To ai kun dawo kan Alhajin Baban Ummi ke nan. Shi ba janar ba ne, amma ya dafa kafaɗar mutum yana tsakiyar aiki.

Baban Ummi:
Barista a yi mini a hankali, albashina na hannunsa.

Hajiyar Rikkos:
Ni abin da ba na mantawa 29 ga Oktoba 2006. Ranar Lahadi ce, ina Sakkwato wajen suna, gari ya ɗauka cewa jirgin da ya taso daga Abuja da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya faɗi. Ban taɓa ganin gari ya yi tsit irin na ranar ba, kasuwa ta watse ba wanda ya ce a tashi. Mutum 96, har da ɗansa Sanata Badamasi. Kuma wannan ai babban jirgi ne ba ƙarami ba. Ko minti biyu bai yi a sama ba ya faɗo a gonar masara a Tungar Madaki.

Ɗan Zariya:
Haka ne Hajiya, Boeing 737 ne na kamfanin ADC. Binciken hukuma ya ce an tashi alhali an san yanayi ba kyau, jirgin ya gamu da iskar da ke sauya fuska farat ɗaya, kuma ba a bi matakan kuɓuta daga gare ta yadda ya kamata ba. Irin hadarin nan mai kai kamar tulin auduga, cikinsa iska ce ke hawa da sauka da ƙarfi. Wani lokaci sai ta sauko kamar an kifa bokiti, ta daki ƙasa ta watsu. Jirgin da ke tashi ya fara samun iska ta gaba, ya ji daɗi, daƙiƙa kaɗan ta koma ta bayansa, fiffike ya rasa abin riƙewa. In ta yi wa 737 haka, ina ga mai farfela ɗaya? Balle a Jos da hadarinmu ke zuwa da ƙanƙara.

Anti Saratu:
Yaran makarantar Loyola ta Abuja fa, da jirgi ya faɗi da su Disambar 2005 a Fatakwal. Ɗalibai 60 suka rasu, za su gida hutun Kirsimeti, iyaye na tsaye a fili suna kallo. Shi ma cikin ruwa da iska ne. Har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna.

Mai Kayan Miya:
Jama'a akwai dankalin Turawa sabon haƙa daga Bokkos, buhu da rabin buhu, mai so ya yi mini magana ta gefe.

Shugaban Zaure:
Mai Kayan Miya, talla sai ranar Laraba. An faɗa an sake faɗa.

Malam Na Gangare:
Assalamu alaikum. Na biyo ku tun daga sama. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Na san akwai mai cewa a ransa, ai in kwana ya ƙare ko a kan katifa ne sai an tafi, don haka juyawar me? Gaskiya ne ajali ba ya jinkiri. Amma Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham da jama'a, ya samu labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara, ya juya da mutane Madina. Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Tafiyar da ta fi ta ɗaurin aure muhimmanci ce, kuma ya fi Alhaji nisa da gida, amma ya juya. Ban ga wanda ya kira shi matsoraci ba.

Mai Sharon:
Allah ya gafarta Malam, sauran rabin ma na janye.

Barista:
Ni kuma bari in tsaya wa Alhaji kaɗan, tunda kowa ya taru a kansa. Mutumin nan ya biya kuɗi masu yawa don ya sayi lokaci, ba don sha'awar ganin gajimare ba. Watan Agusta muke ciki, marka ta zauna, yaron goye ma ya san safiyar Jos ba ta da tabbas. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet na fitar da hasashe kullum, kuma masu jirage suna karɓar nasu na musamman. Me ya hana kamfanin tun daren Juma'a su ce Alhaji, jirginmu na ido ne, akwai yiwuwar ba za mu isa ba, ka tanadi mota? Da ya bar Abuja da asuba ta Keffi da Akwanga, da an shafa fatiha da shi. Sun karɓi kuɗi sun yi shiru, suka bar dattijo shi kaɗai ya sha zagi a sama. Matuƙin ya yi daidai, amma fushin Alhaji yana da wurin zuwa, ya dai kai shi gidan da ba nan ba ne.

Baban Ummi:
Wannan gaskiya ne. Da na je biya babu wanda ya ce mini uffan game da yanayi. Lambar asusu kawai aka turo.

Ɗan Zariya:
Kuma ba a nan kaɗai ba ne. Kobe Bryant, ɗan ƙwallon kwandon Amurka, 26 ga Janairu 2020. Safiyar ranar hazo ya sa 'yan sandan Los Angeles sun ajiye nasu jiragen. Matuƙinsa ƙwararre ne, ya daɗe yana ɗaukarsa, yana ma da lasin na'ura, amma izinin kamfanin na tuƙin ido ne. Ya shiga gajimare, ya gaya wa masu kula da jirage cewa yana hawa zuwa ƙafa 4,000, alhali a daidai lokacin jirgin gangarowa yake yi ta hagu. Mutum 9, har da 'yarsa Gianna mai shekara 13. Masu bincike ba su samu cewa Kobe ya matsa masa ba. Sun ce mai yiwuwa shi ya matsa wa kansa don kada ya ba babban abokin hulɗa kunya. Wato ko ba a dafa kafaɗarka ba, kana jin hannun.

Namu Herbert Wigwe na bankin Access ma haka, 9 ga Fabrairu 2024, da dare a hamadar Kalifoniya, cikin ruwa da dusar ƙanƙara, shi da matarsa da ɗansa da Abimbola Ogunbanjo da matuƙa biyu. Rahoton ya ce an ci gaba da tuƙin ido an shiga inda ba a gani, matuƙi ya rikice. Na'urar da ke auna tazarar jirgi da ƙasa ma ba ta aiki tun kafin su tashi.

Baba Sajan:
To Ɗanbaba fa? Shi ai ranar ba ruwa ba iska.

Ɗan Zariya:
Gwamna Ɗanbaba Suntai na Taraba, 25 ga Oktoba 2012, shi da kansa yake tuƙa Cessna Caravan daga Jalingo zuwa Yola. Hukumar binciken haɗurran jirage ta ce lasin ɗinsa na tuƙin ido ne, ba shi da shaidar tuƙa irin wannan jirgin, kuma tafiyar ta kai bayan faɗuwar rana. Duhu da gajimare duk abu ɗaya suke ɗauke maka, Baba, wato layin nan da sama ta haɗu da ƙasa. Ya rayu amma bai koma daidai ba har ya rasu a 2017.

Ni a wajena ma hunturu ya fi damina yaudara. Hadari kana ganinsa baƙi ƙirin, ka ji tsoronsa. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga yankin Bodele na Chadi kuwa, ka duba ƙasa tsaye kana ganin rufin gidaje, ka ce ai lafiya, ka duba gaba sai fari fat kamar an zuba koko. A Zariya sai mu yi kwanaki ba wanda ya tashi. Jirgi mai saukar ungulu na Farfesa Osinbajo a Kabba, 2 ga Fabrairu 2019, ƙurar da fukafukansa suka tayar wajen sauka ce ta rufe wa matuƙan ido, ya daki ƙasa ya kife. Allah ya sa kowa ya fita.

Hajiyar Rikkos:
Mahaifiyata har ta rasu tana ba da labarin jirgin alhazai na Kano, Janairun 1973. Daga Jidda za shi Legas, yanayi ya hana, aka juyo da shi Kano cikin hunturu, ya faɗi wajen sauka ya kama wuta. Mutum 176. Ta ce a unguwarsu an yi girki ana jiran alhaji, abincin ya koma na zaman makoki.

Anti Saratu:
Muna yara ƙananan jiragen mishan na tashi daga tsohon filin jirgi na cikin gari, suna kai likitoci da marasa lafiya. Na sha ganin Bature matuƙi ya fito ya dubi sama ta wajen Shere, ya girgiza kai, ya koma ya zauna a inuwa da kofinsa. Mara lafiya na kwance fa. Lokacin muna cewa rashin tausayi ne.

Mai Sharon:
Gaskiya mu ma a tasha haka ne. Fasinja ne zai ce direba taka mana, ina da intabiyu ƙarfe tara. In ka taka aka isa, kai ne gwani, har lambarka zai karɓa. In ka faka a Hawan Kibo ka ce sai hazo ya ɗaga, har Mararaba ana yi maka tsaki. Wanda ya ratsa ya tsira shi ake yaba wa, gobe ma ya ƙara. Bambancinmu da dattijon nan ni ina da gefen titi.

Barista:
Abin da ke damuna ke nan da wayar da Alhaji ya buga wa kamfani. In suka rage wa mutumin aiki saboda ƙorafin babban kwastoma, matasan matuƙan da ke kallo sun koyi darasi, kuma ba mai kyau ba. Da ya kutsa ya dace, da yanzu Alhaji na ba da labarinsa a majalisa. Baban Ummi, ko kai ka rubuta musu 'yar takarda ka ce kana cikin jirgin kuma ka gode. Kyauta ce.

Baba Sajan:
Ni dai har yanzu ban yarda duka yanayi ne ba. Amma wannan dattijon a kawo shi in sara masa.

Ɗan Zariya:
Baba ai ba a ce duka ba. Na 'yan sanda da ya faɗi a Kabong nan Jos a Maris 2012 da DIG Haruna John, ko King Air ɗin da ya faɗi kusa da filin Abuja a Fabrairun 2021 bayan ya ba da rahoton matsalar inji, ba wanda ya isa ya jingina su ga gajimare haka kawai. Kowanne da nasa.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai jama'a. Barista zan rubuta takardar yau da dare. Amma ga sabuwa: yanzun nan Alhaji ya turo saƙo, ranar Alhamis zai zo Jos yi wa amininsa ban haƙuri, wai in nemo wani kamfanin mai matuƙi mai zuciya. Kuma ni ne mai riƙe jaka, dole ina ciki.

Hajiyar Rikkos:
Ka ce masa Ummi ba ta da lafiya.

Malam Na Gangare:
Hajiya ban da ƙarya. Ka sa shi ya hau na fasinja tun ranar Laraba ya kwana a Jos, ban haƙuri ai ba ya lalacewa.

Mai Sharon:
Ko ka ba ni shatar. Biyar na asuba ina ƙofar gidansa, na sa sabbin taya, na gyara na'urar sanyi. Kuɗin ko kashi ɗaya cikin hamsin na jirgin ba zai kai ba. Amma ka faɗa masa tun yanzu ba a dafa ni ina tuƙi.

Baban Ummi:
Alhaji a Sharon? Kawu so kake a kore ni tun kafin Alhamis ɗin. Bari dai in jira ya ci abincin dare, in fara gwada shi da shawarar Malam. Ɗan Zariya, turo mini maganar tsawon Abuja da na Heipang ɗin nan ta gefe, da lambobin, shi mutum ne mai son lissafi.